Aikin Jirgin Ruwa Ta Ƙofa Ake Shigarsa

Mu yaran Nima da Maamobi mun tashi muna jin sunan Black Star Line, kamfanin jiragen ruwan da Ghana ta kafa a 1957. Kawuna ya yi aiki a ciki, da albashinsa aka yi mana makaranta. Kamfanin ya rushe, amma sha'awar teku ba ta bar Zongo ba. Yanzu idon samarinmu yana kan jiragen shaƙatawa na attajirai, irin waɗanda suke cika tashar Antib a Faransa.

Ni a Nungua na soma, a makarantar aikin jirgi da aka buɗe a 1958. An koya mana kashe gobara, da taimakon gaggawa, da yadda mutum zai tsira in jirgi ya nutse. Bayan wannan sai takardar likita da littafin ma'aikacin jirgi. Aikina na fari wanke jirgi ne da goge ƙarfe da ɗaure igiya, watanni ban ga gida ba.

Ɗan'uwa, kada ka ba dillali kuɗin uwarka don alkawarin baka, kada kuma ka ɓuya cikin kaya. A 1992 waɗansu samari suka ɓuya a jirgin MC Ruby daga Takoradi. Ma'aikatan jirgin suka kashe mutum 8, suka zuba su a teku, ɗaya kaɗai ya tsira. Nemi takardunka tukuna. Iyayenka suna jiran kuɗinka, amma sun fi jiran dawowarka.