Dambun da Ya Fi Ƙarfin Mai

Lokacin da muka shiga jami'a a tsakiyar shekarun 1970, ba mu kai 30 ba a ajinmu. Malaminmu ya san sunan kowa da garin da ya fito, har rubutun hannunmu yana ganewa. In ka miƙa masa aiki ran Litinin, kafin Alhamis ya dawo maka da shi, jan biro ya cika gefen takarda, a ƙasa ya rubuta cewa ka same shi a ofis. A wannan zama na ofis muka koyi kafa hujja da warware ta. Ɗakin kwana mutum biyu ne, abinci da tikiti muke karɓa, littafin da aka ambata a aji kuwa yana nan a laburare yana jiranka.

Sai dai ban manta dalilin wannan yalwa ba. Mun yi kaɗan ne saboda an bar dubbai a waje, musamman 'ya'ya mata da yaran karkara. Daga 1962 da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ita kaɗai Arewa ta dogara da ita fiye da shekara 10. A 1975 aka aza harsashin wasu jami'o'i 7, ciki har da na Kano, Sakkwato, Maiduguri da Jos, a 1976 kuma aka ƙaddamar da ilimin firamare kyauta ga kowa. Mun yi murna, domin abin da iyayenmu suka daɗe suna roƙo ke nan.

Yaran da aka ɗiba a firamare a wancan lokaci sun iso ƙofar jami'a a ƙarshen shekarun 1980, daidai sa'ad da kuɗin man fetur ya ja baya, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma ya karya darajar naira. Albashi ya daina kai malami ƙarshen wata, sayen littafi daga waje ya gagara, ƙwararru da yawa suka kama hanyar Saudiyya, Ingila da Amurka. Ɗalibai na ƙaruwa, masu koyar da su na raguwa. Hausawa sun ce in dambu ya yi yawa ba ya jin mai.

Yau kusan mutum miliyan 2 ke zana jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a shekara. Wanda Allah Ya ba gurbi, daga sallar asuba yake zarcewa ya kama kujera. Wanda ya makara sai bakin taga. Malamin da ke gaban ɗaruruwan ɗalibai ba shi da halin karanta rubutun kowa, dole jarrabawa ta koma zaɓi-ka-cika, karatu ya koma haddar takardun da aka raba. Kwamitin Farfesa Mahmood Yakubu da ya zagaya jami'o'in gwamnati a 2012 ya tarar da ɗakunan gwaje-gwaje da ake kunna risho a maimakon na'urar ƙona sinadarai. Hukumar TETFund mai tallafa wa manyan makarantu ta yi gine-gine masu kyau, ba a musu, amma gini ba ya duba aikin ɗalibi. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, na wata 8 a 2022 reshe ne na wannan tsohon ciwo.

Ba na fatan a rage dambun, domin kowane yaro da ke tsaye a bakin tagar nan haƙƙinsa ya zo nema. Mai nake roƙo a ƙara: a ɗauki malamai, a biya su abin da zai zaunar da su, kada a buɗe sashen da ba a tanadar masa masu koyarwa ba.

Kwanaki na tambayi jikata da ke shekarar ƙarshe, wane malami ne ya san sunanta. Ta daɗe tana tunani, sannan ta ce, "Kaka, ai lambarmu suke kira." Abin da nake so a mayar mata ke nan: malamin da zai kira ta da sunanta, ya ce ta same shi a ofis.