Gwiwar direban Imuraren

A shekarar 2009, da aka aza harsashin ma'adanar uraniyom ta Imuraren, kilomita 80 kudu da Arlit, wani direba ya bar Maraɗi ya nufi arewa neman arziki. Wata rana babbar motarsa ta kife a kan hanyar Tawa zuwa Arlit, ƙashin cinyarsa na dama ya karye.

Mai ɗori ya ɗaure shi, ya yi wata uku kwance. Ƙashi ya kama, amma gwiwa ta sandare, cinya ta tsotse. Da aikin Imuraren ya tsaya a 2014, bayan faɗuwar kuɗin uraniyom, abokansa sun watse. Shi kuwa ya zauna Arlit da sanda, yana salla bisa kujera. Wannan ya fi rashin albashi ci masa rai.

Ƴaƴansa suka tara kuɗin mota, suka kai shi gidan likita a Yamai, wurin mai gyaran gaɓoɓi, wanda ake kira kine. Mutumin bai ba shi ko ƙwaya ɗaya ba. Ya ɗauko awon tela, ya gwada ƙafafu biyu daga ƙugu zuwa idon sawu: ta dama ta gaza da santimeta 2. Ya gwada kaurin cinya. Ya auna lanƙwasar gwiwa: digiri 50 kacal. Ya sa shi tura hannunsa da ƙafa, ya ba tsokar maki 3 cikin 5.

“Baba,” in ji shi, “tafiya tana son wajen digiri 60, zama bisa kujera 90, zaman tahiya kuwa ya wuce 140. Wanne kake nema?”

“Na ƙarshen, ɗana.”

Aka ƙara wa takalminsa tsawo. Kullum safe ya ja diddige bisa tabarma, ya ɗaga ƙafa ɗaure da ƴar jakar rairayi, yana cije leɓe. Sannu ba ta hana zuwa: bayan wata shida ma'auni ya nuna 110.

Ɗori rabin magani ne. Gaɓar da aka bari kwance takan manta aikinta. Ɗan kasuwa ko ma'aikacin da ke da karyayye a gida, kada ya jira shekaru kamar direban nan, domin jinkirin ne ya hana shi zaman tahiya. Amma sandar tana rataye bayan ƙofa, goshinsa kuma ya koma ƙasa.