Ƙwaron Ƙarya da Kifin Dutsen Ahaggar

Duk wanda ya yi ko da wata guda a Tamanrasat ya san kifi baƙo ne a garin nan. Nama kam ba a magana, har gasasshen naman da 'yan gari suka fi so ma da sunan Hausa ake kiransa, wato mainama. Amma kifi, in ba na gwangwani ba, sai busasshe wanda 'yan'uwa kan ƙullo mana cikin kaya daga Nijar, ko kuwa daskararre da motocin sanyi kan kawo daga bakin teku, tafiyar kusan kilomita 2,000. Kwarin da ya ratsa gari yashi ne zalla, sai ranar da aka yi ruwa a kan dutse ya taho a guje, kwana ɗaya ko biyu ya wuce. Ruwan famfonmu ma tun 2011 daga In Salah ake turo shi ta bututu, kilomita 750. To, a gari irin wannan in aka ce maka akwai mai ɗaura ƙwaron kamun kifi, sai ka ce an fara tatsuniya da rana. Akwai shi kuwa, kuma namu ne.

Wani dattijo ne tela, mai ɗinkin hannu, asalinsa daga Sarkawan wajen Gaya, inda kogin Kwara ke barin Nijar. Kakanninsa duk masunta ne. Ya baro gida bayan farin nan da ya kai ga kogin ya daina gudu a Yamai a 1985, ya biyo ta Agadas da Arlit da Asamaka, ya shigo ta In Gezam kamar yawancinmu, sa'an nan ya sauya ƙugiya da allura. A shekarun nan Turawa kan ratso Sahara da tsofaffin motocin Peugeot su kai su kudu su sayar. Ɗaya daga cikinsu motarsa ta lalace, ya yi makonni yana jiran kayan gyara, ya kawo wando a yi masa faci, hira ta kai su ga kifi. Nan ya buɗe wa telan wani ɗan akwati cike da ƙwari, kowanne da ƙugiya a cikinsa, kuma ba ko ɗaya mai rai. Gashin tsuntsu ne da zare.

Bari in yi wa mai karatu bayanin abin, don ba irin fatsar da muka sani ba ce. Mu a gida tana muke sa wa ƙugiya, ko fara, ko shinge in damina ta faɗi, masu mamari kuma har sabulu sukan yanka wa tarwaɗa. Wato kifi abinci na gaske yake gani ya haɗiya. Su kuwa masu wannan sana'a ba sa ba kifi komai, siffar abinci kawai suke nuna masa. Turawan Ingila da na Faransa duk ƙuda suke ce wa abin a harsunansu, amma dattijon nan ƙwaron ƙarya yake kiransa, ni ma shi na ɗauka. Da yake ba shi da nauyin da za a jefa shi, igiyar ce ake yi mai nauyi, mai kamun ya yi ta kaɗa ta a iska gaba da baya kamar bulala, har ta miƙe ta ajiye ƙwaron a kan ruwa a hankali.

Na zauna na ga yadda yake ɗaura ɗaya, kuma a nan ne na gane abin da ya haɗa sana'ar da ɗinki. Masu kuɗi suna da ɗan ƙarfe na musamman mai riƙe ƙugiya, shi kuwa tsohuwar filaya ce ya ɗaure bakinta da roba ya kafe ta a jikin teburin kekensa. Da fari sai ya goga wa zare kakin zuma don ya kama. Ya fara naɗi daga wajen idon ƙugiya zuwa inda ta lanƙwasa, zagaye kusa da zagaye, ba a barin fili. A nan ya ɗora 'yan silin gashi kamar biyar, su ne wutsiya. Sai jiki: ya tsefe ɗan ulu ya murza shi a kan zaren, ya naɗo gaba, siriri a baya, mai kauri a ƙirji, yadda ƙwaro yake. Ya bi samansa da siririyar wayar tagulla wadda ya warware daga wata matacciyar rediyo, don ta fitar da gaɓoɓin ciki, ta kuma hana haƙorin kifi tsefe aikin. Sa'an nan babban aiki, wato gashin wuyan zakara. Ana kama shi ta baki a zagaya ƙugiya da shi sau huɗu ko biyar, sai ka ga silin sun miƙe tsaye kewaye kamar ƙafafu. Su ne ke riƙe ƙwaron a kan fatar ruwa bai nutse ba. In ana son wanda zai nutse, mai kama da tsutsar da ba ta yi fuka-fuki ba tukuna, sai a sa gashi mai laushi, na kaza ko na zabo, wanda ke motsi cikin ruwa. Daga ƙarshe ya ƙulle kai, ya ɗiga masa ɗan fentin farce. Duk abin bai kai tsawon ƙwayar gyaɗa ba, ya ci minti goma.

Na ce, "Baba, wannan ai ko ni sai ya ruɗe ni."

Ya ce, "Ɗana, kai ba wuyar ruɗi gare ka ba, daga sama kake kallo. Kifi daga ƙasa yake kallo."

Sana'ar tsohuwa ce ƙwarai. Wani marubucin Rumawa mai suna Aelian, wajen shekara ta 200, ya ba da labarin mutanen Makidoniya da ke naɗa jan ulu a ƙugiya su haɗa da gashin zakara biyu. A Ingila an buga wani littafin fatsa a 1496 wanda ya lissafa ƙwari goma sha biyu, kowanne da watansa. A ƙarni na 19 abin ya zama gasar masu hali, ana neman gashin tsuntsayen Indiya da Kudancin Amurka don ƙawa kawai, alhali kifin bai san bambanci ba. Haukan bai mutu ba: a 2009 wani saurayi Ba'amurke, ɗalibin busa sarewa, ya fasa gidan ajiyar kayan tarihi na Tring a Ingila ya kwashe fatun tsuntsaye 299, don ya sayar wa masu ɗaurin ƙwaro gashinsu. Ni a ganina zabon dattijon nan ya fi wannan mutunci. Zabo kuwa tsuntsun Afirka ne, kuma gashinsa mai ɗigo-ɗigo yana cikin kayan aikin masu ɗauri a ko'ina, haka ma silin gashin jimina, wadda a da fatake ke ɗaukar gashinta daga Kano da Damagaram su ratsa Sahara da shi zuwa Tarabulus. Yau ma ƙwari masu yawa da ake sayarwa a kantunan Turai da Amurka a ƙasar Kenya ake ɗaura su da hannu.

To, ina kifin? Abin da ya sa muka yi hayar mota ke nan, ni da shi da jikansa ɗan shekara goma sha biyu, da wani Ba'abzine ɗan jagora wanda ya san hanya, muka nufi arewa ta hanyar Asekrem. Garin Tamanrasat kansa ya fi mita 1,300 bisa teku, amma da zarar an bar kwalta sai hawa. Baƙaƙen duwatsu ne tsaye kamar turame da taɓare, toshiyar tsofaffin duwatsu masu aman wuta da suka mutu tun ba a san ranar ba. Can gaba akwai Tahat, dutsen da ya fi kowanne tsawo a Aljeriya, ya kusa mita 3,000. Yawancin baƙi Asekrem suke wucewa kai tsaye, su ga ɗakin da Charles de Foucauld ya gina a 1911, su kalli fitowar rana su koma. Mu ba can muka nufa ba. Mun ratse muka gangara zuwa Afilal.

Larabawa gelta suke ce wa irin wannan wuri, Abzinawa kuma agelmam. Gurbin ruwa ne a cikin dutse, a ƙasan kwazazzabo inda rana ba ta daɗewa, maɓuɓɓuga na ciyar da shi daga ƙasa. A Afilal ba gurbi ɗaya ba ne, jeri ne, wannan na zuba wa wancan. Bayan awoyi cikin ƙasar da ba ka jin komai sai ƙarar inji, kunnenka ne ke fara sanin an iso, don ruwa ne ke gudu. Ga kacalla irin ta bakin tafkunanmu, ga ƙamshin na'ana'ar daji, ga mazari ja da shuɗi suna shawagi. Yaron ya tsaya cak. A Tamanrasat aka haife shi, bai taɓa ganin ruwa mai tafiya da kansa ba sai na ambaliya, wanda ake hana su zuwa kusa da shi.

Kakan bai yi maganar ƙugiya ba. Ya sa yaron ya cire takalmi ya tsugunna, ya ɗago wani dutse daga cikin ruwa ya kifa shi. Ga 'yan tsutsotsi manne a ƙasansa suna mutsu-mutsu. Ya fito da gwangwanin ƙwarinsa ya zaɓi ɗaya mai ruwan ƙasa ya ajiye kusa da su a tafin hannu, ya ce wa yaron ya faɗi inda suka bambanta. Yaron ya ce na gaskiyar ya fi siriri, kuma wutsiyarsa uku. Dattijo ya ce to, in mun koma kai za ka gyara. Daga nan suka koma gefe inda inuwarsu ba ta faɗa kan ruwa, suka yi shiru. Ba a jima ba sai ga su, 'yan kifaye masu ɗan gashin baki, mafi yawansu ba su wuce tsawon yatsa ba, suna tasowa suna tsinke abin da iska ta jefa a ruwa, kowane tsinka ya bar zobe yana buɗewa.

Yaya kifi ya hau dutse a tsakiyar Sahara? Bai hau ba, barinsa aka yi. Shekaru kamar dubu goma da suka wuce, har zuwa wajen dubu biyar, ƙasar nan koriya ce mai koguna da tafkuna. A Gobero cikin Tenere ta Nijar, wurin da masu bincike suka gano a shekara ta 2000, an tono masu da ƙugiyoyi na ƙashi tare da ƙasusuwan giwan ruwa. A Takarkori, kudu maso yammacin Libiya, binciken da aka buga a 2020 ya nuna kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasusuwan da aka tono na kifi ne, tarwaɗa da karfasa. A duwatsun Tasili, gabas da mu, kada ya kai har shekarun 1920. Wato masunta sun riga masu raƙumi zama a nan. Da ruwa ya janye, kifin da ya rage shi ne wanda ya maƙale a irin waɗannan gurabe, yana haihuwa yana mutuwa a wuri guda, ba hanyar fita ba ta shiga. Ina jin al'adar Abzinawan Ahaggar ta ƙin cin kifi ma ta taimake shi.

Shi ya sa dattijon bai jefa ba, ko sanda ma bai zo da ita ba. A kogin Kwara in ka kama kawara ɗari, ambaliyar baɗi za ta kawo wasu. A nan in an kwashe gurbi ɗaya, an kwashe ke nan. Yankin yana cikin gandun Ahaggar da hukuma ta keɓe tun 1987, an kuma sa Isakarasen a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2001, Afilal a 2003. Amma takarda ba ta tsare ruwa. Na ga gwangwanaye da leda a bakin wani gurbi, na ga kumfar sabulu inda wasu 'yan yawon shan iska suka wanke tukwane. 'Yan'uwa masu zuwa shan shayi ranar Jumma'a, don Allah a ɗebi ruwan a yi nisa da shi kafin a yi wanki. Wanda kuma ke da niyyar zuwa lokacin hunturu ya riƙe bargo biyu, don a saman nan ruwa kan daskare da dare.

Wanda ke son ganin an jefa ƙwaron ƙarya da gaske sai ya yi nisa. A ƙasar nan akwai kifin ruwan sanyi mai ɗigo a jiki, irin wanda Turawa suka ƙirƙiro sana'ar dominsa, a rafukan dutse na wajen Kollo cikin jihar Skikda, haka ma a duwatsun Atlas na Maroko. A kudu kuma masu zuwa daga Turai sukan kama tsage da giwan ruwa da shi a kogin Faro na Kamaru, sai dai can ba ƙwaro ake kwaikwayo ba, ɗan kifi ne, da dogon farin gashi mai walƙiya, a kuma haɗa da waya don haƙorin tsage ba ya barin zare.

Na dattijon, Gaya suke zuwa. Duk lokacin da aka sami mai tafiya gida yakan jera guda ashirin ko talatin a jikin ƙyalle, ya naɗe, ya sa a gwangwanin shayi, a kai wa 'ya'yan ƙaninsa. Su ba su da igiya mai nauyi, a bakin doguwar gora suke ɗaurawa su riƙa taɓa ruwa da shi da yamma, lokacin da kawara ke tasowa. Saƙon da ya dawo masa bara shi ne masu gashin zabo sun fi ci, jajayen kuwa a daina aikowa. A gwangwanin bana akwai guda uku na jikan, masu wutsiya uku-uku, kawunansu sun ɗan yi kauri.