Kafintan Da Ya Koya Wa Katako Gudu A Kan Ƙanƙara

A ƙasashen da sanyi ke tsananta har dusar ƙanƙara ta lulluɓe duwatsu wata da watanni, mutane sun daɗe da wani wasa na ɗaura dogayen katakai biyu a ƙafa, su gangaro daga kan dutse da gudu kamar na mota. Daga baya aka sami sabon salo, watau mutum ya ɗora ƙafafunsa biyu a kan allo guda mai faɗi, ya tsaya a karkace, ya riƙa sarrafa shi da nauyin jikinsa. Wannan allon zamiya a garejin gida da bargar dawaki ya girma, kuma labarin Mista Jake Burton Carpenter na Amurka ya isa ya nuna wa mai karatu abin da irin wannan sana'a ke ci kafin ta ciyar da mai ita.

Ba shi ne ya fara ba. Ran Kirsimeti na shekarar 1965 wani injiniya mai suna Sherman Poppen, a garin Muskegon na Jihar Michigan, ya haɗa katakan zamiya biyu wuri guda don 'ya'yansa mata su yi wasa. Cikin 1966 kamfanin Brunswick ya karɓi izinin ƙera abin, aka sayar da shi da sunan Snurfer. Ba shi da maɗaurin ƙafa, sai igiya a goshi wadda mai hawa zai riƙe kamar linzami. Jake yana ɗan shekara goma sha huɗu ya sami irinsa, abin kuwa ya shiga ransa bai sake fita ba.

A cikin 1977, bayan ya gama jami'a ya kama aiki a wani kamfanin hada-hadar kuɗi a birnin Niyok, sai ya ajiye aikin ya koma ƙauyen Londonderry na Jihar Vermont, ya buɗe wurin aiki a wata barga. Sunan zuriyarsu, Carpenter, ma'anarsa kafinta, amma suna linzami ne kawai, gama ilmin tattalin arziki ya karanta. Da rana yana fama da zarto da gam, da dare yana hidima a wani masaukin baƙi don ya sami na tuwo. Ya gwada katako iri iri da dabaru iri iri, har ya ƙera samfuri kimanin ɗari, kowanne kuwa da ƙafarsa zai hau tudu ya gangaro a kansa, don babu wanda zai tambaya. Abin da ya fi mai da hankali a kai shi ne maɗaurin ƙafa, domin sai ƙafa ta kama allo sosai mai hawa ke iya juya shi yadda ya so.

Lissafin da ya yi a takarda ya nuna masa cewa in yana fitar da allo hamsin kullum ya huta. Kasuwa ba ta san da wannan lissafi ba. A lokacin sanyin farko da ya kai kaya kasuwa allo wajen ɗari uku kaɗai ya sayar, bashi ya hau kansa, ya sallami waɗanda ya ɗauka aiki, ya koma shi ne maƙeri, shi ne dillali, shi ne mai amsa tarho. Bugu da ƙari, masu wuraren zamiya ba su yarda a hau duwatsunsu da allo ba. Sai a 1983 dutsen Stratton na Vermont ya buɗe musu ƙofa. Shekara goma sha biyar bayan haka, watau 1998, aka shigar da wasan cikin gasar Olamfik ta lokacin sanyi a Nagano ta ƙasar Japan.

To, yau da kamfanoni ke fitar da alluna dubbai, me ya sa har yanzu ake samun masu ƙera nasu a gida? Dalili shi ne allon kanti an yi shi ne don kowa, na gida kuwa don mutum guda, bisa nauyinsa da tsawon ƙafarsa da irin ƙanƙarar garinsu. Maƙerin kan manne siraran katakai, wasu masu ƙarfi wasu marasa nauyi, wani lokaci har da gora, sa'an nan ya fere su yadda tsakiya za ta yi kauri, baki biyu su sirance. Bambancin milimita guda a kauri ya isa ya mai da allo mai laushi ya zama gagararre. Ya kan kuma tsuke ƙugun allon, saboda in aka karkata shi bisa gefe wannan lanƙwasar ce ke sa ya sha kwana.

Daga nan sai shimfiɗa: roba mai santsi a ƙasa, siririn ƙarfe kewaye da gefe don ya ciji ƙanƙara mai tauri, ƙyallen zaren gilashi sama da ƙasan katakon, kowane hawa a shafe shi da gam mai ƙarfi wanda ba ya jiran mai nawa. Sai a sa a matsa. Da yawa daga masu aikin gida mesar 'yan kwana-kwana suke hura wa iska cikin firam na ƙarfe, ƙarfin matsin kuwa ya kan kai tan masu yawa, don haka firam mai rauni haɗari ne ga mai shi. In iska ta maƙale a tsakani, ko gam ya gaza, allon zai ɓare a tsakiyar gudu, ƙafar mutum kuma tana ɗaure a kai.

Nan ne sana'ar ta bambanta da yin tebur ko kujera. Wanda ya ƙera abin da zai hau da kansa ba shi da damar ha'inci, domin ƙashinsa ne jingina. Jake Burton ya rasu a watan Nuwamba na 2019 yana da shekara 65, ya bar kamfanin da ke cikin manyan masu wannan sana'a a duniya. Amma matashin da ke sha'awar kafa sana'ar hannu, kafin ya dubi girman kamfanin, ya kamata ya fara ƙirga allunan nan ɗari da aka jingine a bangon barga ba a sayar da ko ɗaya ba. Da su ne mutumin ya biya kuɗin makaranta.