Wanda Ya Miƙa Makulli

Motocin gida sun yawaita a Kangire, abin da ba mu gani ba muna yara, kuma na gode wa Allah da wannan arziki. Abin da ke damuna shi ne mai riƙe da sitiyari. Da la'asar sai mota ta fito daga lungu tana tangaɗi, ka leƙa ka ga ɗan shekara 14, an ɗora shi kan matashi don ya hango titi, kujerar gefensa ba kowa. Uban yana majalisa yana alfahari wai hannun yaron ya faɗa.

A zamaninmu yaron mota sai ya shekara da shekaru yana wanke gingimari, yana ɗaure kaya, yana sa waigi, kafin maigidansa ya bar shi ya ja ta zuwa gidan mai. Ko a nan ma maigidan yana zaune kusa da shi, idonsa a kan ƙafar yaron. Direbobin da ma sun yi ɓarna, ban wanke su ba. Amma sun san cewa wanda ya miƙa makulli, shi ya tuƙa.

Doka ma haka ta ce. Tun 1988 aka kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa. Ba a ba da lasisi sai mutum ya cika 18. Mai koyo sai da takardar izinin koyo, da jan harafin L gaba da baya, da mai lasisi zaune a gefensa. Barin wanda ba shi da lasisi ya ja motarka laifi ne a kanka kai mai mota. Inshorar motar nan da aka mayar naira 15,000 a 2023, kada ka dogara da ita in yaro ne ya yi ɓarnar. Malamanmu kuma sun daɗe suna karantar da cewa mai jan dabba, da mai kora ta, da mahayinta, duk suna da lamunin abin da ta taka. To ina ga ƙarfe?

Na taɓa zama a wani sulhu. Yaro ya nemi birki ya taka totur, ya bi ta kan wata yarinya mai tallan gyaɗa. Aka kai ta asibiti a Birnin Kudu, ƙafa ɗaya ba ta sake miƙewa ba. Uban yarinyar ya sunkuyar da kai, yana murza hularsa, ya ce ƙaddara ce, ya yafe. Yaron kuwa kuka yake har da shessheƙa. Duk zauren nan ba wanda ya dubi mai motar ya tambaye shi wa ya ba da makulli.

Ina son yafiya, ita ta riƙe garuruwanmu, kuma ba na son maƙwabci ya kai maƙwabci kotu. Amma yafiyar da ake tatsa daga talaka don yana jin nauyin Alhaji, wannan danniya ce. Mai motar ya biya magani, ya biya diyyar ƙafa, sannan a yi maganar yafiya.

Sai kuma ga abin da ake yi ranar biki da Sallah, samari na wasa da mota a tsakiyar jama'a, ƙura na tashi, mata na guɗa. Motar wa? Ta babansa ce, ko ta yayansa da ke aiki a Dutse. Masu unguwanni sun san kowace mota da gidanta. Su fara zuwa gidan, su yi sallama da mai ita.