Littafin Maigida Ya Koma Kwamfuta

Jama'ar Sabo, mu ne matasan nan da kuke gani bayan sallar isha'i, kowa ya tasa kwamfuta a gaba har dare ya raba. Mun san ana ta magana a kanmu. Wasu sun ce canji muke koyo ta intanet, wasu kuma, Allah ya kiyaye, har sun fara haɗa mu da 'yan damfara. To, gara ku ji daga bakinmu: shirin jarrabawa muke yi, ta samun takardar shaidar kula da rumbun bayanai.

Duk wanda ya taɓa tura kuɗi ta waya, ko ya yi BVN ko NIN, sunansa da lambobinsa suna kwance a cikin wani rumbu na kwamfuta. Akwai mutumin da aikinsa shi ne ya tabbatar bayanan nan ba su ɓace ba, ɓarawo bai kai gare su ba, kuma suna fitowa da sauri duk lokacin da aka nema. Aikin da muke nema ke nan.

Wani dattijo a layinmu ya tambayi ɗayanmu, "Kai yaro, wannan sana'ar taku me ake sayarwa a cikinta?" Ya ce, "Baba, ba a sayar da komai, littafi ake riƙewa." Sai dattijon ya ce, "Au, malamin maigida ke nan." Kuma gaskiyarsa. Tun da aka kafa Sabo a nan Ibadan a 1916, cinikin goro da na shanu a kan bashi da amana yake tafiya, kuma sai da mai rubuta wanda ya karɓa, da wanda ya biya, da ranar da za a cika saura. Har dokar cinikin ma ba ta canza ba. In ka tura wa wani naira 50,000, dole a cire daga asusunka a saka a nasa. In na'ura ta tsaya a tsakiya, sai rumbun ya warware komai ya mayar da shi yadda yake. Ko a sallama ko a fasa, babu rabin ciniki.

Mu biyar ne, huɗu maza, sai 'yar'uwarmu matar aure da ke bin karatun daga gida ta WhatsApp. Uku sun ɗauki hanyar Oracle, inda ake zana jarrabawa biyu a kan 19c, wato 1Z0-082 da 1Z0-083, kafin a ba ka shaidar ƙwarewa. Biyu kuma sun zaɓi ta Microsoft mai lamba DP-300, wadda sai ka sami maki 700 cikin 1,000, kuma duk shekara sai ka sabunta ta, amma sabuntawar kyauta ce ta intanet.

Inda gizo ke saƙar shi ne kuɗi. Jarrabawar Oracle guda ɗaya dala 245 ce, kuma a Sabo ba sai an yi wa kowa bayanin abin da dala ta zama tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 ba. In ka faɗi, sai ka sake biya. Shi ya sa muka kafa adashi a tsakaninmu: wanda ya kwasa shi ne zai yi rajista, kuma ba a ba kowa kwasa sai sauran sun gwada shi sun yarda ya nuna.

Karatun kansa ba ya cin kuɗi sosai. Jerin darussan da za a tambaya yana nan a shafin kowane kamfani. Oracle na da XE na kyauta, Microsoft na da SQL Server Developer, ga kuma PostgreSQL wanda kowa ke iya saukewa. Wata biyu na farko a kan SQL muka ƙare su, yaren da ake tambayar rumbu da shi, domin wanda bai iya shi ba kamar dillalin da bai san ƙirga ba ne. Ranar Asabar kuwa ranar ɓarna ce. Ɗaya zai shiga rumbun gwaji ya goge wani abu da gangan ba tare da ya faɗi me ya taɓa ba, wani kuma ya gano, ya dawo da shi daga kwafin ajiya, muna duba agogo. 'Yan Oracle da RMAN suke yi. A nan ake gane cewa kwafin da ba a taɓa gwada dawowa da shi ba, zato ne kawai. Littattafan da Turanci suke, amma gardamar da Hausa muke yi, da ɗan Yarbanci in ta yi zafi. Wanda ya kasa bayyana darasi da Hausa, to bai gane shi ba tukuna.

Gardama mafi zafi da muka yi a kan tambayoyin sata ce. Akwai masu sayar da su a intanet, suna cewa haddace kawai za ka yi ka ci. Ɗayanmu ya ce, "Ku fa duba, kuɗin nan ba na wasa ba ne, mahaifiyata ce ta sayar da ragonta ta cika mini zubi." Ba wanda ya yi masa dariya, domin duk mun san nauyin. Amma mun tsaya a kan ba za mu saya ba. In kamfanin ya kama ka, yana iya soke takardar ya kuma hana ka sake zama. Ko ba a kama ka ba, ranar da rumbun banki ko na asibiti ya tsaya da ƙarfe biyun dare, kowa na jiranka, haddar nan ba za ta dawo da ko layi ɗaya ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Ga masu niyyar biyo mu, abubuwa biyu. Sunan da ka yi rajista da shi dole ya yi daidai da na katin shaidarka harafi da harafi. Mu da ake rubuta mana Muhammad a nan, Mohammed a can, mu kula. Sannan ana iya zana jarrabawar a gida ta kyamara, amma sharaɗin shi ne kada kowa ya shigo ɗakin, kada intanet ta yanke. Ku faɗa mana, wane ɗaki ne a Sabo zai yi awa biyu ba a yi sallama ba? Mu dai cibiyar jarrabawa za mu je.

Ba mu ce takardar za ta kawo aiki washegari ba. Masu ɗauka suna tambayar abin da hannunka ya taɓa yi. Don haka muna roƙon iyayenmu masu shaguna da makarantun Islamiyya: wanda yake son a tsara masa lissafin kaya ko rajistar ɗalibai, mu za mu yi kyauta, da alkawarin sirri. Ƙannenmu maza da mata da suka gama sakandare kuma, ƙofa a buɗe take, ko ba ka da kwamfuta za a matsa maka. Na farkonmu zai zauna bayan ƙaramar salla, in Allah ya kai mu. A sa mu a addu'a.