Audu Da Ƙarar Kwamfuta

A Ƙofar Kabuga, inda hanyar Gwarzo ta fita daga birnin Kano, akwai wani saurayi ana ce da shi Audu. Ubansa makaɗin kalangu ne, mahauta yake yi wa kiɗa, amma tsufa ya kama shi, hannunsa ya fara rawa. Audu kuwa bai koyi kalangu ba. Aikinsa buga wa ɗaliban Jami'ar Bayero takardu da kwamfuta. Abin yana damun tsohon ƙwarai, don yana ganin gadon gidansu zai ƙare a kansa.

Kwamfuta tana da 'yar ƙara da takan yi in an kunna ta, da wata in an yi kuskure. Ran nan Audu ya sami wata manhaja da ake kira tiraka. Wani Bajamushe, Karsten Obarski, shi ya fara yin irinta a 1987, domin kwamfutar Amiga mai fitar da murya huɗu a lokaci guda. A cikinta ake jera sauti layi-layi, daga sama zuwa ƙasa. In an hanzarta sauti sai ya yi siriri, in an jinkirta shi sai ya yi kauri. Haka kalangu yake: a matse tsarkiya a hammata murya ta hau, a sake ta murya ta sauka.

Audu ya ɗauki ƙarar kuskuren nan, ya jera ta, ya kai wa ubansa. Tsoho ya saurara, ya ce, "Audu, na ji ƙara, amma me ta ce? Kalangu magana yake yi."

Audu ya ji kunya. Tun daga ran nan, kullum bayan isha'i sai ya zauna gaban ubansa, tsoho yana yi masa taken mahauta da baki, shi kuwa yana gyara kowane layi, wannan ya ɗaga, wancan ya sauke. Ya yi wata uku a haka.

Da ya sake kunnawa, sai wani mahauci da ke wucewa ya tsaya cik, ya ce, "Wa ke kiranmu?"

Tsoho ya yi murmushi, ya sauko da kalangunsa daga bango, ya miƙa wa ɗansa. Ya ce, "Kunnenka ya iya, saura hannu."

Audu ya durƙusa, ya karɓa da hannu biyu, ya ce, "To, Baba."